Yayen Usaini

A zuriyar gidan Malam Jalo da ke Kwarbai, an yi shekaru wajen talatin ba a yaye yaro a ko'ina ba sai a ɗakin Iya Maijidda. Jikokinta, da na ƙannenta, har da 'ya'yan maƙwabtan da ba su da tsohuwa a gida, duk ita ake kai wa. Uwa ta kawo yaro da hantsi, ta ajiye shi kanta a sunkuye, ta juya ba ta waiwaya ba. Iya ta ba shi rubutun yaye ya sha, ta ɗaura masa laya, ta dama kunu, ta goya shi tana zagaya tsakar gida har kukan ya gaji don kansa. Bayan mako guda sai a mayar da shi, ya manta da nono sarai. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sauya ta ba: mace ta sha har ta kusa shekara biyu, namiji kuwa da ya kai shekara ɗaya da rabi a cire shi. Ta ce nono yana toshe wa namiji basira, in ya daɗe a kai sai ya tashi dolo, ana biya masa karatu yana kallon bango. Haka ta ji daga kakarta, kuma ba ta ga dalilin sake tambayar kowa ba.

Wadda ta zo ta tayar da wannan zance ba baƙuwa ba ce, 'yarta ce ta cikinta. Jamilatu tana koyar da ilimin aikin jikin ɗan Adam a jami'a, can Samaru, tana zaune da mijinta da 'ya'yansu mata uku a Tukur-Tukur. A wajen aiki Dakta ake ce mata, ɗalibai suna yin tsit in sun ji ƙarar takalminta. A Kwarbai kuwa sunanta Goggon Ɓeraye, domin kowa ya san tana kiwon fararen ɓeraye a keji tana auna su, abin da Iya ta ce ko a mafarki ba ta zaci za a kai 'yarta makaranta don shi ba. Sunan bai dame ta ba. Tun tana yarinya ba a taɓa jin ta ce ban sani ba, kuma duk wanda ya san gidan ya san a wajen wa ta gado halin. In ta zauna da Iya suna gardama, sai ka rantse mutum ɗaya ne yake magana da murya biyu.

Ƙaninta Isma'ila, autan Iya, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana zaune a Ƙofar Kuyambana. Matarsa Hadiza ta haifi tagwaye a haihuwar fari. Macen ce ta fara fitowa, aka sa mata Hassana, namijin kuma Usaini. Daga ranar suna Iya ta ɗora wa kanta tsare hakkin tagwaye. Riga iri ɗaya, kwano iri ɗaya, in ka ba ɗaya ƙuli-ƙuli ka tafi, sai ta aika a kira ka ka dawo ka ba ɗayan, tana gaya maka in ba ka yi ba kada ka zarge ta in kunama ta same ka a takalmi. Akwai ranar da wani ɗan'uwa ya kawo wa Usaini 'yar hula daga Kaduna, Iya ta naɗe ta ta mayar masa, ta ce sai ya haɗo da ɗankwali.

Amma abin da Iya ta daidaita a kwano, jikin yaran bai daidaita shi ba. Hassana tana cika shekara ta miƙe da ƙafarta, ta shiga korar kaji, bakinta ya buɗe da baba da ba ni da a'a, musamman a'a. Usaini kuwa har ya wuce shekara da wata huɗu yana rarrafe, in ya kama bango ya tsaya sai ƙafafun su yi ta rawa. Ko kalma ɗaya bai furta ba. Murar da za ta taɓa Hassana kwana biyu ta sake ta, shi sai ta zauna masa a ƙirji har a fara maganar asibiti. Yana da manyan idanu, yana bin mai magana da su, in ka kira sunansa ya yi murmushi a hankali kamar mai ba ka kyauta. Jamilatu tana son yaron nan sosai, ba ta kuma ɓoye ba. Ta kuma riƙe wani abu da mutanen gidan suka manta: lokacin da cikin yake wata shida, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Hadiza har sai da aka ba ta gado a asibiti.

Iya ta dubi yaran biyu, ta yanke hukunci. Ta ce ga shi nan a fili, nonon da yake gina macen shi yake danne namijin, kuma ba za ta jira ya kai shekara ɗaya da rabi ba, gara a cire shi tun bai gama lalacewa ba. Ta tsayar da ranar Juma'a. Wannan kuwa a farkon bazarar 1991 ne, zafi ya sauka, mangwaro ya cika kasuwa da ƙudajensa, ƙyanda ta shiga gidaje biyu a unguwar, gudawa kuma tana bin yara lungu-lungu.

A bakin Isma'ila Jamilatu ta ji, ya biyo ta gidanta a kan Vespa ɗinsa ya faɗa a tsakiyar wata hira kamar labarin farashin taki. Ta ajiye abin da take yi ta gaya masa ɓaro-ɓaro cewa cire wa yaro irin Usaini nono a wannan lokaci wasa ne da ransa. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma abin ya tsaya masa, amma maganar yaye ai ta mata ce. Ta san fassarar wannan: mutumin da yake tsawata wa masinjoji a ofis, in Iya ta ɗaga masa gira sai ya nemi hularsa. Hadiza kuwa ba a ma maganarta. Surukarta ce ta yi umarni, kuma 'ya'yan fari ne, waɗanda kunya ta hana ta ko kiran sunansu, sai dai ta ce yaron, ta ce yarinyar. Uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta a gaban mutane, ta yaya za ta tsaya ta yi gardama a kansa.

Saboda haka ranar Alhamis Jamilatu ta ajiye Bitil ɗinta a bakin titi, inda lungu ya fi ƙarfin mota, ta taka zuwa gidansu da tabbacin cewa kafin la'asar ta gama da maganar. Ta tarar da Iya a inuwar rumfa tana tsince geron kunun yaye. Bayan gaisuwa ta gyara zama ta fara, kuma gaskiya ta yi bayani mai kyau, irin wanda ɗalibai suke rubutawa da sauri. Ta ce namiji da mace ba a gina ƙwaƙwalwarsu a yanayi ɗaya. Tun namiji yana ɗan tayi jikinsa yake fitar da wani sinadari na maza, ya sake fitar da shi a watannin farko bayan haihuwa, sinadarin ya isa ƙwaƙwalwa ya sauya yadda ginin yake tafiya. Ta ce sinadarin nan yana ɗan sassauta garkuwar jiki, shi ya sa a kowace ƙasa aka duba jarirai maza sun fi saurin kamuwa, sun fi saurin tafiya. Ta ce nonon uwa yana ɗauke da garkuwarta, shi yake riƙe da Usaini yanzu. Har nan Iya tana ta tsince geronta.

Sai Jamilatu ta yi abin da ya ɓata komai. Ganin an yi mata shiru ta ɗauka hujja ake jira, ta kawo mafi ƙarfin abin da take da shi. Ta ce ita da kanta ta gwada: in uwar ɓera ta yi zazzaɓi da ciki, 'ya'yan da ta haifa mazan ne suka fi jinkirin gane hanya a keji, matan kuwa da wuya ka ga alama a jikinsu. Ta ce abin da ya sami Usaini ke nan, ba nono ba.

Iya ta ajiye faifan a hankali.

"Wato jikan nawa ne ɓera."

"Ba haka nake nufi ba, Iya."

"Ke da Allah ya ba 'ya'ya mata uku, ba ki taɓa goya namiji a bayanki ba, ke za ki koya mini rainon maza? Tashi ki je ki ba 'ya'yan naki na keji abinci, kada su yi jinkirin gane hanya."

Matan gidan da ke jin su daga madafa suka ƙunshe dariya. Jamilatu ta tashi ranta a ɓace, ba don dariyar ba, sai don ta san gaskiya tana hannunta kuma ita da kanta ta zubar da ita. Washegari da hantsi Hadiza ta kawo Usaini, ta ajiye shi, ta juya ba ta waiwaya ba, kamar yadda ake yi.

Jamilatu ta yi niyyar ƙaurace wa gidan har a gama, amma ba ta iya ba. Ranar Lahadi bayan azahar ta dawo, da sukari da gishiri a jakarta, domin ta ji an ce cikin yaron ya ɓaci. Ta shiga ɗakin Iya a shirye da faɗa. Ta tarar da Usaini kwance a kan tabarma, idanunsa a buɗe, ba ya kuka, ba ya motsi. An ce daren farko ya yi kuka har muryarsa ta dushe, daga nan ya daina. Kunu in an kai bakinsa sai ya kau da kai. Ta taɓa maɗigarsa ta ji ta ɗan faɗa, ta ja fatar cikinsa ta ga ba ta koma da sauri ba. Ta sa aka tafasa ruwa, ta haɗa shi da sukarin da gishirin, ta shiga ɗura masa da ƙaramin cokali. Yana karɓa kaɗan-kaɗan, ba don yana so ba.

Abin da ya ba ta mamaki shi ne Iya ba ta hana ta ba. Tsohuwar da ko maganin ciwon kai ka kawo mata sai ta tambayi wanda ya aiko ka, ita ce ta miƙo cokalin da hannunta. Jamilatu ta ɗago ta dube ta sosai. Zanen jikinta na ranar Juma'a ne. Idanunta sun yi ja, carbi yana hannunta amma ba ta ja. Maƙwabta suna shigowa suna yi mata barka, suna cewa kai wannan yaro da haƙuri yake, ko kuka babu, yayen Iya ai daban ne. Iya sai dai ta gyaɗa kai.

Da Jamilatu ta fito wanke cokali, Goggo Kande, ƙanwar mahaifinta da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta biyo ta bakin randa. Ta rage murya ta ce haka wancan ya yi, shi ma shiru ya yi, aka yi ta yabon haƙurinsa. Ta juya ta koma.

Jamilatu ta san wanda ake nufi. Iya ta haifi ɗa namiji a haihuwar fari, shekaru kafin a haife ta, ya rasu yana ƙarami. Sunansa Ja'afaru, kuma a bakin Goggo Kande ta taɓa jin sunan, domin Iya ba ta taɓa furta shi ba, yana raye saboda kunyar ɗan fari, bayan ya rasu kuma ba wanda ya tambaye ta dalili. Abin da Jamilatu ba ta sani ba sai yau shi ne a makon yaye ya tafi.

Ta tsaya a bakin randar da cokali a hannu, ta ji fushin da ta shigo da shi ya sauka. Ta fahimci ba jahilci take faɗa da shi ba. Iya ta riga ta ga abin da ita Jamilatu ta gani, wataƙila tun jiya, kuma ta fi ta tsoro. Amma mace ce da ta yaye mazan unguwa guda a kan ƙa'ida ɗaya, iyayensu suna nan suna shiga suna fita. In ta ɗauki yaron ta mayar don 'yarta ta zo da zancen sinadari, to ta ce wa duk waɗannan mata ta yi shekara talatin tana cutar 'ya'yansu, ta kuma ce wa kanta wani abin da ya fi wannan nauyi. Ba hujja take buƙata ba. Hanyar fita take nema wadda za ta bi da kanta a ɗage.

Da ta koma ɗakin sai idonta ya faɗa kan 'yan kwanuka biyu a gefen gado, iri ɗaya, masu jan baki, kowanne da kunu a ciki. Ɗaya an taɓa, ɗaya ko cokali ba a sa ba. Hassana tana can Ƙofar Kuyambana, amma hannun Iya ya saba, ba ya iya zuba wa ɗan tagwaye abu bai zuba na ɗayan ba. Jamilatu ta dubi kwanukan, ta ɗauki mayafinta, ta ce tana zuwa.

Ta tarar da Hadiza zaune a ƙofar ɗaki, Hassana tana zagaya tsakar gida tana leƙa bayan turmi da bayan ƙyaure, abin da aka ce take yi tun Juma'a. Hadiza ta gaishe ta, ta tambayi Iya, ta tambayi Goggo Kande, ta tambayi kowa har akuyar gidan, ba ta tambayi yaron ba. Sai hawaye da suke zuba ba ta share ba.

"Ba ni yarinyar nan," in ji Jamilatu. "Kada ki tambaye ni komai. Ki ɗora ruwa, ki zauna a gida, kafin magariba za ki ga baƙi."

Hadiza ta dube ta, ta tashi ta ɗauko zanen goyo.

Duk wanda ya ga Dakta Jamilatu a ranar ba zai manta ba. Rabonta da goyo an daɗe, ta ɗaure shi a karkace, gilashinta yana zamowa saboda gumi, takalmin ofis yana nutsewa a ƙasar lungu, Hassana kuma tana jan ɗankwalinta tana cewa a'a. Masu ɗinkin hula a bakin zaure suka ɗaga kai suka bi ta da kallo. Ita ko a jikinta, tafiya take yi irin ta wanda ya san inda za shi.

Ta isa ana idar da la'asar, lokacin da tsakar gidan ya fi cika da mata. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya a fili ta kwance goyon, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Iya, ga ɗayar na kawo. Na ga an yaye ɗan'uwanta an manta da ita. Ke kika koya mana ba a ba ɗan tagwaye abu a hana ɗayan, ba a kuma hana ɗaya a ba ɗayan. Ni dai ba zan kwana da kunama a takalmi ba. A ba ta rubutunta ta sha."

Gunaguni ya tashi a tsakar gidan. Kowace mace a wurin ta san ma'anar a yaye 'ya mace tana shekara ɗaya da 'yan watanni: gobe unguwa za ta ɗauka Hadiza ciki gare ta a kan goyo, abin kunyar da zai bi gidan Malam Jalo har wajen biki. Wata ta ce ai ba a taɓa yi ba. Wata ta ce to amma kuma gaskiya ne, tagwaye ne. Goggo Kande, wadda ta gane wasan tun daga kalmar farko, ta tafa hannu ta ce ita fa tun Juma'a jikinta yake ba ta an yi ba daidai ba, ta rasa mene ne sai yanzu.

Hassana ba ta jira a gama shawara ba. Ta kutsa ɗakin, ta hango ɗan'uwanta, ta faɗa kansa ta kama kunnensa kamar yadda ta saba. Usaini ya juyo da kai. Bakinsa ya motsa, ya yamutsa fuska, ya saki kuka, siriri, a dushe, amma kuka ne. Jamilatu ba ta taɓa jin daɗin kukan yaro kamar wannan ba.

Iya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi 'yarta tun daga gilashi har takalmi, kuma Jamilatu ta tabbata ta gane komai, har abin da ba a faɗa ba. Sai ta rufe ta da faɗa. Ta ce dubi yadda aka ɗaure wa yarinya goyo kamar dammin itace, ta ce boko ya cinye mata hannu, ta ce wa ya aike ta ta ratso gari da 'yar mutane a wannan rana. Da ta gama sai ta juya wajen matan ta ce tsufa ne ya zo mata, ta shiga lissafin namiji ta manta da na tagwaye, kuma na tagwaye shi ne gaba. Macen ba ta isa yaye ba, saboda haka shi ma bai isa ba. Ranar da za a cire su, tare za a cire su.

Wata tsohuwa daga maƙwabta ta ce ai yaron da aka yaye ba ya komawa, nonon ya kwana. Iya ta ce ya kwana a ina, 'yar'uwarsa tana sha safe da yamma. Ta koma ɗaki ta sunkuya ta ɗauki Usaini, ta goya shi da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta yafa mayafi. Ta ce wa Jamilatu ta ɗauko ɗayar, kuma wannan karon ta bari Kande ta ɗaure mata.

Suka fito tare. Duk wadda suka gamu da ita a hanya ta tambaya ina zuwa da ɗan yaye, Iya ta ce tagwaye ne, ba a raba su, ta wuce ba ta rage tafiya ba. Sai da suka bar lungunan Kwarbai, suka fito inda gidaje suka yi ɗan nisa da juna ana hango tsohuwar ganuwa, sannan ta yi magana ba ta dubi 'yarta ba. Ta ce ta sake faɗa mata wannan zance na ran Alhamis, amma in ta kuskura ta ambaci ɓera za ta koma gida.

Jamilatu ta faɗa mata a hankali. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwar jariri akwai wasu ƙananan ma'aikata, 'yan'uwan masu tsaron jiki daga cuta ne. Lokacin da ake ginin ƙwaƙwalwa su ne masu shara, suna kwashe abin da ya lalace don aiki ya tafi. In zazzaɓi mai zafi ya shigo, sai su yar da tsintsiya su ɗauki sanda, aikin ya tsaya har a kore shi. Hassana da Usaini ciki ɗaya suka kwanta, zazzaɓi ɗaya ya same su, amma shi nasa ginin yana tafiya ne a ƙarƙashin sinadarin maza, kuma tana kyautata zaton shi ya sa ya fi jin jiki. Ta ce wannan na ƙarshen zato ne, ba a gama tabbatar da shi ba, a kansa take aiki. Abin da ba zato ba ne shi ne jarirai maza sun fi rauni, nonon uwa kuma yana kare su. Ta ce jinkiri ba dolanci ba ne, yaron yana ji yana ganewa, in aka bar shi ya yi ƙarfi tana sa ran zai kamo 'yar'uwarsa.

Iya ta ce ita ma ta daɗe da sanin namiji ya fi wuyar raino, duk wadda ta yi wankan jarirai ta san haka. Ita dai ta ɗauka ƙarfi ne ya yi masa yawa. Suna cikin haka suka isa.

Isma'ila yana zaure, ya miƙe da sauri ya rasa inda zai sa hannunsa. Iya ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Hadiza ta durƙusa tana gaisuwa, Iya ta kwance goyon ta ɗora mata yaron a cinya, ta ce ta shiga ciki ta ba shi, kuma kada ta sake jin an ce an hana shi sai ranar da aka hana 'yar'uwarsa. Hadiza ta shige ɗaki, Hassana ta bi ta. Iya ba ta shiga ba, suruka ba ta tsayawa kallon wannan. Ta zauna a kan turmin da aka kifa a gefen ƙofa, ta ba labulen baya.

Da farko ba a jin komai. Jamilatu tana tsaye ta kasa kunne, domin ta san yaron da ya galabaita yana iya ƙin kamawa. Can sai suka ji ɗan gurnani, sannan ƙarar haɗiya, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Iya ta rufe ido tana saurare.

"Jamilatu."

"Na'am, Iya."

"Ja'afaru ma a bazara aka cire shi." Ta faɗi sunan a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. "Ni na kai shi da hannuna. Da an bar shi ya ƙara ko wata biyu ne, da ya zauna?"

Jamilatu tana da amsoshi da yawa, na asibiti da na ta'aziyya, kuma duk sun zo mata baki. Ta dubi uwarta, ta ga ba ɗaya daga cikinsu da za ta iya ba ta ba tare da ta yi mata ƙarya ba. Ta durƙusa kusa da turmin.

"Ban sani ba, Iya. Babu wanda zai iya sani."

Iya ta gyaɗa kai, ta share fuskarta da gefen mayafi. A bayan labule ƙarar haɗiyar ta ƙara ƙarfi.

"To," ta ce, "wannan dai mun sani."

Ta aika Isma'ila ya koma Kwarbai ya gaya wa Kande a zubar da kunun, duka kwano biyun, ita sai ta ga yaron ya ƙoshi za ta taho.